Doki Nawa Ne a Cikin Moto? Tarihin Awon Ƙarfin Inji da Saitin Kafireto

Duk wanda ya taɓa kai motonsa gyara a bakin kasuwar Maraɗi ko a ƙarƙashin wata bedi ta Damagaram ya san yadda abin yake gudana. Makanike zai tada inji, ya duƙa, ya kasa kunne, ya murza wata ƴar kusa ta gefen kafireto, ya ba da wuta sau biyu ko uku, sannan ya ɗago kai ya ce: « Mai ya yi mishi yawa », ko kuwa « Iska yake sha ». A takardar da ta zo tare da moton kuma an rubuta cewa yana da ƙarfin doki goma sha ɗaya. Wane irin doki ne wannan, wa ya fara auna shi, kuma mene ne haɗinsa da kusar da makanike ke murzawa? Amsar tana cikin wani tarihi na shekaru fiye da ɗari biyu, wanda ya faro daga Birtaniya, ya ratsa Faransa da Jamus da Japan, kafin ya iso titunanmu.

Dokin James Watt

A ƙarshen ƙarni na 18, wani ɗan Iskotlan mai suna James Watt, tare da abokin cinikinsa Matthew Boulton, suna ƙera injinan tururi a Birmingham. Injinansu na farko ruwa suke jawowa daga ramukan haƙar ma'adinai, kuma ladan da suke karɓa shi ne sulusin kuɗin gawayin da injin ya rage ma mai shi. Da suka fara ƙera inji mai juya ƙafa, sai masu saye suka zama masu niƙa da masu masaƙu, mutanen da dawaki ke juya musu na'ura. Tambayarsu ɗaya ce: dawaki nawa wannan ƙarfe zai maye min?

Watt ya dubi dokin da ke zagaya dutsen niƙa, ya yi lissafi, kuma wajen 1783 ya tsayar da cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba dubu 33 sama da tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Daga baya ƙasashen da ke amfani da mita da kilo suka daidaita awon da nasu ma'auni: ɗaga kilo 75 sama da mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Dokin Ingilishi ya kai wat 746, na Faransa da Jamus kuwa wat 735 da rabi. Ke nan tun daga tushe akwai doki iri biyu. Shi kansa « wat » ɗin sunan Watt ne aka ɗauka aka yi ma'auni da shi, don girmama shi.

Malamin makaranta ba ya bukatar tafiya nesa kafin ya nuna ma ɗalibansa wannan. Rijiya ta isa. A ce sa ya jawo wasaki mai ɗauke da ruwa lita 50 daga zurfin mita 30 cikin daƙiƙa 40. Idan aka ninka 50 da 30, aka raba da 40, za a samu 37 da rabi, wato rabin doki daidai. Da wannan lissafin, injin moto mai doki 11 zai iya ɗaga kilo 825, fiye da buhun hatsi takwas masu kilo ɗari ɗari, sama da mita ɗaya a kowace daƙiƙa.

Birkin Prony

Sanya ma'auni daban yake da samun abin awo. A 1821 injiniyan Faransa Gaspard de Prony ya fito da wata dabara mai sauƙi wadda har yau ake kira da sunansa. Ana matse ƙafar da inji ke juyawa tsakanin katako biyu, a ɗaura musu dogon hannu, a rataya nauyi a ƙarshen hannun. Inji na ƙoƙarin juya katakon, nauyi na riƙe shi. Idan suka yi kunnen doki, sai a ninka nauyin da tsawon hannun, a samu ƙarfin murɗa. A ƙirga yawan juyin da ƙafar ke yi a minti. A ninka su biyun, a samu ƙarfin aikin inji.

A nan akwai darasin da masu hawa da yawa ba su rarrabewa. Ƙarfin murɗa shi ne abin da ke fizgar moto daga cikin rairayi da kaya a baya. Ƙarfin aiki kuwa murɗa ce aka ninka da saurin juyi. Ƙaramin inji mai murɗar niwton-mita 9, idan yana juyi 8500 a minti, zai ba da kilowat 8, kusan doki 11. Idan juyin ya sauka rabi, murɗar tana nan yadda take, to dokin ma ya koma rabi. Shi ya sa lambar da ke cikin takarda ba ta bayyana sai inji na kuka a samansa, wurin da mai hankali bai cika daɗewa ba.

Katakon Prony yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi, don haka bai dace da manyan injina ba. A 1877 Baturen Ingila William Froude ya ƙera birkin ruwa don auna injinan jiragen ruwa: inji na juya fanka a cikin akwatin da ke cike da ruwa, ruwan na tare shi, kuma shi ne ke kwashe zafin. Daga baya aka samu birkin lantarki. Kayan aikin sun yi ta sakewa, amma ƙa'idar Prony ba ta motsa ba: a tare inji da abin da aka san nauyinsa, a ƙirga juyinsa.

Yadda aka koyi gauraya mai da iska

A 1876 Nikolaus Otto na Jamus ya kammala inji mai bugu huɗu: zuƙa, matsa, fashewa, fitar da hayaƙi. Shekaru tara bayan haka, a 1885, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora ƙaramin inji a kan wani keke na katako a Cannstatt, kusa da Stuttgart. Cikin injin santimita kubik 264 ne, yana juyi 600 a minti, ƙarfinsa rabin doki, daidai da san rijiyar da muka ambata. Shi ake ɗauka a matsayin kakan moto mai amfani da fetur.

Matsalar da ta fi ba su wuya ita ce abincin inji. Fetur ba ya ci da wuta sai ya zama tururi ya gauraya da iska bisa ƙa'ida. Don a ƙone kilo ɗaya na fetur ƙurmus, ana bukatar iska kilo 14,7. Ma'ana, lita ɗaya ta mai na tafiya da iska kusan lita dubu 9. Injin moto mashayin iska ne, mai ɗin kamar gishiri yake a cikin miya.

Kafireto na farko tukunya ce kawai. Iska na ratsa saman mai ko ta bi ta cikinsa, ta kwashi tururi, ta shige inji. Da irin wannan ne moton Hildebrand da Wolfmüller, wanda aka fara ƙerawa da yawa don sayarwa a Munich a 1894, ya yi aiki. Cikinsa ya kusa lita ɗaya da rabi, amma ƙarfinsa doki biyu da rabi kacal. Aibin tukunyar shi ne sashen mai marar nauyi ke fara tashi, mai nauyin ya kwanta, gaurayen ya yi ta canzawa da zafin rana da girgizar hanya. A zamanin, ko gidan mai babu: a 1888, lokacin da Bertha Benz ta yi doguwar tafiyarta ta farko da mota, a kantin magani ta sayi mai.

Mafitar ta fito daga wani tsohon ilimi. Tun 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana cewa idan ruwa ko iska suka ƙara gudu, matsinsu yana raguwa, kuma a 1797 Giovanni Battista Venturi na Italiya ya yi bayani a kan abin da ke faruwa a bututu mai ƙunci a tsakiya. A 1893 Maybach a Jamus, da Donát Bánki tare da János Csonka a Hangari, kowa ta nasa ɓangaren, suka fito da kafireto mai fesa mai. Iska na bi ta maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, matsinta ya faɗi, sai ta tsotso mai daga wata ƴar ƙofa ta watsa shi kamar raɓa. A ƙasa kuma akwai ƴar tasa da wani abu mai iyo a saman mai, wanda ke rufe hanya idan tasar ta cika, ya buɗe idan ta ragu. Wannan shi ne tsarin kafireto, wanda makanikanmu da suka tashi da Faransanci ke kira karbiratar, har zuwa yau.

Matakai huɗu na saiti

Masu ƙera moto sun fi son kafireto mai ƙyaure da allura. Ƙyauren na hawa da sauka a cikin maƙogwaro idan aka murɗa hannun wuta, allura mai tsini kuma na rataye da shi, tana shiga cikin ƙofar mai. Kamfanin Amal, wanda aka kafa a Birmingham a ƙarshen shekarun 1920 bayan haɗewar Amac da Binks da Brown and Barlow, shi ya yaɗa wannan tsari a motocin Ingila. Italiya ta samu Dell'Orto, Japan ta samu Mikuni da Keihin, Faransa kuma Solex da Gurtner.

Masu tseren moto, irin na tsibirin Man da aka fara a 1907, su ne suka mayar da saiti wani fanni mai dokoki. Sun gane cewa kowane mataki na buɗin ƙyaure da abin da ke mulkinsa. Daga rufe zuwa ɗan buɗi kaɗan, ƙaramar ƙofar mai da kusar gauraye ke aiki. Daga nan zuwa kwata, yankan da ke gindin ƙyauren ne. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Tana da gurabe, galibi biyar, kuma idan aka ɗaga maƙalarta sama allurar ta nutse mai ya ragu, idan aka saukar da maƙalar mai ya ƙaru. Daga nan zuwa ƙarshen wuta, babbar ƙofar mai, wato jiklar, ita ke da magana. Wanda ya canza jiklar don maganin inji mai mutuwa a tsaye ya yi aikin banza, kamar wanda ke ciwon ciki aka ɗaure mishi ƙafa.

Ko kusar gaurayen iri biyu ce. Wadda ke ɓangaren matatar iska, iska take sarrafawa: a kwance ta, gauraye ya yi tsinkai. Wadda ke ɓangaren inji, mai take sarrafawa: a kwance ta, gauraye ya yi kauri. Ƙa'idar ita ce a bari inji ya yi zafi, a murza a hankali har a samu inda juyinsa ya fi ƙarfi da daidaito, sannan a sauko da shi da kusar da ke tare ƙyaure. Lambobin da ke jikin jiklar ma ba harshe ɗaya suke magana ba: na Keihin faɗin rami suke nunawa, lamba 100 kusan milimita ɗaya, na Amal kuwa yawan man da ke wucewa a minti.

Shaidar da aka fi dogara da ita, kafin zuwan na'urori, ita ce buji. Mai tsere zai ba da wuta har ƙarshe, ya kashe inji nan take, a kwance buji a duba. Baƙin toka na nufin mai ya yi yawa. Fari fat na nufin ya yi kaɗan, kuma inji na cikin haɗari, don gauraye mai tsinkai zafi yake haifarwa har ya huda fistan. Ruwan ƙasa, kamar gasasshiyar gujiya, shi ake nema. Gwaje-gwaje a kan birki sun tabbatar da cewa inji ya fi ba da ƙarfi idan mai ya ɗan fi ƙa'ida, wajen kilo 12 da rabi zuwa 13 na iska ga kilo ɗaya na mai, kuma ya fi tsimi idan ya ɗan gaza ta. Ba a samun duka biyun a saiti ɗaya.

Inda wannan ilimi ya kai ana iya ganinsa a 1966, lokacin da Honda ya shiga tsere da moto mai santimita kubik 250, silinda shida, kafireto shida, yana juyi dubu 18 a minti, ƙarfinsa wajen doki 60. Girman cikinsa kusan ɗaya da na keken Daimler, ƙarfinsa ya ninka shi sau 120 cikin shekaru 81.

Lamba da sharuɗɗanta

Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma sai an san yadda aka yi shi. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya zama na waccan ba. Akwai ƙarfin da ake aunawa a bakin inji, akwai wanda ake aunawa a ƙafar baya bayan giya da sarƙa da taya sun ci rabonsu, wanda yakan kai kashi goma cikin ɗari ko fiye. A Amurka, a 1972, masu ƙera motoci suka koma auna inji da duk kayansa a jiki, matatar iska da bututun hayaƙi da sauransu, sai lambobin talla suka zube. Akwai kuma dokin haraji na takardar mallaka, wanda lissafin ofis ne kawai: motar Citroën da aka fito da ita a 1948 da sunan « doki biyu » doki tara take bayarwa.

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Dynojet na Amurka ya yaɗa wata na'ura da ta sauƙaƙa awo ga ƙananan gareji. Ana ɗora ƙafar baya a kan wata ganga mai nauyi sananne, a ba da wuta, kwamfuta ta ƙirga saurin da gangar ke ƙara gudu, ta zana layin ƙarfi daga ƙasa zuwa sama. Idan aka haɗa da na'urar shinshinar hayaƙi, irin wadda Bosch ya fara sakawa a mota a 1976, ana ganin inda gauraye ya yi kauri da inda ya yi tsinkai a kowane juyi.

Duk waɗannan awon ana mayar da su ga wani yanayi da aka yarda da shi: digiri 20 a ƙa'idar Jamus, digiri 25 a ta Amurka, a matsin iska kusan na bakin teku. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Iskar da ta kai digiri 45, irin ta watan Afrilu a Tawa ko Yamai, ta fi ta digiri 15 rashin nauyi da kusan kashi tara cikin ɗari. Tudu ma na rage ta: mai hawa duwatsun Bagazam, da suka haura mita dubu biyu, zai ji injinsa ya yi sanyi. Kafireto ba ya auna nauyin iska, gudunta kawai yake ji, don haka idan iska ta yi sauƙi gauraye sai ya yi kauri. Moton da aka saita da asubahin hunturu ba shi ne na azahar ɗin bazara ba.

Daga mobilet zuwa kabu-kabu

Ƙasarmu ta fara sanin ƙaramin inji ne ta hanyar Faransa: VéloSoleX da ya fito a 1946, da Mobylette ta kamfanin Motobécane da ta fito a 1949, wadda sunanta ya zama sunan duk irinta. Sai na Japan suka biyo baya, da yawa ta Nijeriya. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya wasu ƙasashen Asiya, suka tarar ana ɗora iyali gaba ɗaya a moto, ba a canza man inji a kan lokaci, ƙura kuma na toshe matata. Da abin da suka gani suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975: inji mai sauƙin tsari, matatar iska da ake wankewa, ƙarfi doki 11. Ba su nemi yawan doki ba, juriya suka nema. Injin nan ne masana'antun Sin suka kwaikwaya da yawa, kuma jikokinsa na cikin motocin da suka cika kasuwanninmu daga farkon shekarun 2000, kafin na Indiya su zo su raba kasuwar da su.

Sana'ar kabu-kabu, wadda ta bayyana a garuruwan iyaka irin su Ƙonni cikin shekarun 1980, ta mayar da saitin kafireto maganar tuwon dare. Mai kabu-kabu ba ruwansa da tsere. Lissafinsa shi ne kilomita nawa lita za ta kai shi. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa na sayar da man Nijeriya mai arha a kwalabe, har bayan buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, kafin Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 lissafin ya juye. Kowane tashin farashi na tura masu hawa wurin makanike da roƙo ɗaya: « Maigida, a rage mishi shan mai ». Idan aka rage fiye da kima, abin da aka tara a mai sai a biya shi a fistan da zobba. Wani kuma, idan ƙurar hunturu ta toshe matata inji ya fara shaƙewa, sai ya cire ta baki ɗaya. Moton ya yi kuka mai daɗi na ƴan makonni, rairayi na cin silinda a ɓoye. Laka da ruwan da kan kwanta a gindin kwalba kuwa, ramin ƙaramar ƙofar mai bai kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi.

Abin da ya rage a hannunmu

Zamanin kafireto yana ƙarewa a inda aka haife shi. Kawasaki ya fito da moto mai feshin mai na lantarki tun 1980, kuma dokokin rage hayaƙi sun kore kafireto daga sababbin motocin Turai. Indiya ma, da dokar da ta fara aiki a watan Afrilu na 2020, ta karkata ga feshin lantarki a kasuwarta ta gida. A sabon tsarin, ƙaramar kwamfuta ce ke auna zafin iska da matsinta da hayaƙi, ta gyara gauraye sau da yawa a daƙiƙa. Babu kusar murzawa. Wanda ba shi da na'urar karanta laifi sai ya tsaya kallo.

Wannan canji zai iso mu, ko da jinkiri, kuma dubban matasan da ke cin abinci da wanke kafireto ne zai fara taɓawa. Ilimin da ke kunnen maigidan gareji ilimi ne na gaske: abin da Bernoulli ya rubuta da lissafi shi yake ji da sauti, yake gani a launin buji. Amma ba a rubuce yake ba, kuma ba kowane mai riƙe da ƙarfe ya mallake shi ba. Aiki biyu ke jiran malamai da ƙungiyoyin al'adu. Na farko, a zauna da tsofaffin makanikai a rubuta kalmominsu da dabarunsu, na Maraɗi da na Damagaram da na Tawa, tun suna raye. Na biyu, a shigar da awo cikin koyon sana'a da darasin kimiyya, ta yadda yaron da ya iya saurare zai iya ƙirgawa. Kayan farawa ba su da tsada: tsohon kafireto da aka tsaga biyu, buji uku masu launi daban-daban, agogo, igiya, da guga a bakin rijiyar makaranta.